Wa Ya Taɓa Lissafin Jiya?

Wasiƙu uku na ɗauko wannan makon, dukkansu a kan Excel ne da foldar ofis da kowa ke shiga. Ta farkon ce za ta ci mafi yawan filin, domin mutuncin mutum ne a cikinta.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni akawu ce a wani kamfanin sayar da taki da iri da maganin feshi. Kwamfuta shida gare mu, da wata guda a ofishin manaja da muke kira saba, a cikinta foldar da kowa ke shiga take. Kullum da yamma nakan rufe lissafin cinikin ranar a Excel in ajiye a can. Sau biyu ke nan a daminar bana ina zuwa da safe in tarar adadin buhunan yuriya ya canza, har maigida ya fara yi mini wani irin kallo. Ƙanena ya rubuta mini makro, wato ɗan jerin umarni da Excel ke aiwatarwa da kanta, da ke adana fayil ɗin ya mai da shi na karatu kawai. Ranar farko ya yi aiki, washegari ya tsaya ya nuna kuskure mai lamba 1004. Ya ce zai ƙara layi ɗaya da zai cire kullen, ya adana, ya mayar. In bar shi ya ƙara? Kuma wannan zai hana a taɓa mini lissafi? Daga wata akawu, Funtuwa.

AMSA: Wa alaikumus salam Malama. Kada ki bar shi ya ƙara layin. Ƙanen naki bai yi ƙarya ba, 1004 za ta ɓace, amma abin da kike son karewa shi ma zai ɓace tare da ita.

Ga abin da ya faru. Makro ɗin da suna ɗaya yake adana fayil kullum. Ranar farko ya ajiye shi ya liƙa masa alamar karatu kawai. Washegari ya zo zai rubuta a kan wannan fayil ɗin, Windows ta ce ba a rubutu a nan, Excel kuma ta kawo miki saƙon da lambar 1004. Wato kullen ya yi aikinsa, sai dai a kan mai shi ya fara. Idan aka ƙara layin cirewa, to kowace yamma lissafin yau zai hau kan na jiya ya shafe shi. Ran Laraba in maigida ya ce a kawo na Litinin, babu. Kin mai da littafin ajiya ya zama allo, a rubuta a wanke a sake rubutawa. Allo na karatu ne, ba a kafa hujjar kuɗi da shi.

Kuma ki lura da abin da shawarar ƙanen naki ta tona. Kullen da layi ɗaya ke cirewa, kowa ma zai iya cire shi. Ba sai da makro ba ma: duk wanda ke da izinin gyara a foldar, ya danna fayil ɗin da maɓallin dama na linzami, ya shiga Properties, ya cire ƙyas ɗin da ke kan Read-only, shi ke nan. Bai kai daƙiƙa goma ba. Wannan alamar kamar labulen zaure take: mai kunya zai tsaya ya yi sallama, wanda ya shigo bisa kuskure zai ja da baya, amma wanda ya zo da niyya ɗagawa kawai zai yi. Haka saƙon nan da Excel ke fitarwa lokacin buɗe fayil tana ba da shawarar a buɗe shi don karatu kawai, ana iya ce mata a'a a wuce. Kalmar sirri ta hana gyara ta ɗan fi su ƙarfi, amma ba ta ɓoye abin da ke ciki, kuma in makro ne zai sa ta, dole a rubuta ta ƙarara a cikin makro ɗin, wanda duk ya danna Alt da F11 zai karanta ta.

Ban ce labulen ba shi da amfani ba. A ofisoshin da na yi wa aiki, yawancin canjin adadi ba sata ba ce. Wani ne ya buɗe fayil don ya duba farashi, gwiwar hannunsa ta taɓa madannai, da zai rufe Excel ta tambaye shi ko a adana, ya danna e bai karanta ba. Labule yana tare irin wannan tsaf. Don haka za mu sa shi, amma a kan sabon fayil kowace rana, wanda ba za a sake rubutu a kansa ba har abada. Ga yadda nake rubuta shi, ki ba ƙanen naki ya gyara sunan saba da na folda da na shafi su dace da naku:

Sub RufeRana()
Dim ranar As Date, suna As String, sabo As Workbook
ranar = Date
suna = "\\SABA\Asusu\Rufaffu\Ciniki_" & Format(ranar, "yyyy-mm-dd") & ".xlsx"
If Dir(suna, 1) <> "" Then
MsgBox "An riga an rufe lissafin yau."
Exit Sub
End If
ThisWorkbook.Sheets("Ciniki").Copy
Set sabo = ActiveWorkbook
With sabo.Sheets(1).UsedRange
.Copy
.PasteSpecial xlPasteValues
End With
Application.CutCopyMode = False
sabo.SaveAs Filename:=suna, FileFormat:=51
sabo.Close SaveChanges:=False
SetAttr suna, vbReadOnly
MsgBox "An adana: " & suna
End Sub

Fayil ɗin da kike aiki a ciki kullum yana nan a hannunki, ba a kulle shi ba. Makro ɗin shafin ciniki kawai yake ɗauka ya kai sabon fayil mai ɗauke da kwanan wata, ya adana, ya rufe, sannan ya liƙa alamar. Sai an rufe ake liƙawa, kada a juya jerin.

Shekara ta fara zuwa a sunan, sai wata, sai rana, domin fayilolin su jeru da kansu a folda bisa tsarin kwanaki. Kuma karan ɗori (-) nake rabawa da shi, ba karkataccen layin nan (/) da muka saba rubuta kwanan wata da shi ba, saboda Windows ba ta yarda da shi a sunan fayil, ita a wurinta alamar shiga folda ce. Mutane da yawa sun kwana suna neman dalilin 1004 alhali wannan ne kawai. Sai ki riƙa duba agogon kwamfutarki. Makro daga nan yake ɗaukar rana, kuma tsofaffin kwamfutocin da ƙaramin batirinsu na ciki ya mutu, wanda ake kira CR2032, da an ɗauke wuta sai su farka da kwanan watan wata shekara can baya. Batirin a shagon masu gyaran agogo ma ana samunsa.

Layukan tsakiya, masu kwafa da liƙawa, su ne na fi so ki fahimta. Suna mai da kowace fomula ta zama adadi tsayayye. In ba a yi haka ba, fayil ɗin da kika rufe zai ci gaba da jingina da na aikinki. A ce jimillar kuɗin yuriya fomula ce da ke ɗauko farashin buhu daga wani shafi. Mako mai zuwa farashi ya tashi, kika gyara shi a fayil ɗin aiki, wani ya buɗe na makon jiya ya yarda a sabunta haɗin, sai ya ga jimillar da ba ita kika rufe da ita ba, alhali ba wanda ya taɓa komai. Kafin ki zargi kowa, ki duba ko irin wannan ne ya same ki a karo biyun nan, domin adadin buhuna ma in daga shafin sito ake jawo shi, haka zai yi.

Lambar 51 kuwa tana nufin a adana shi a matsayin xlsx, wanda ba ya ɗaukar makro. Tun Excel ta 2007 aka raba su biyu: xlsx mara makro, xlsm mai makro, lambarsa 52. Naki na aiki xlsm ne, rufaffun ba su da buƙatar makro ko ɗaya. Maɓallin da za ki riƙa dannawa don tayar da makro ɗin ki ajiye shi a wani shafi daban, kada ya bi kwafin ya tafi. Kuma na rubuta cikakken sunan saba maimakon harafi irin Z, saboda foldar da take Z a kwamfutarki tana iya zama Y a ta mai sito, ko kuma ranar da netwok ya yi jinkirin tashi harafin ya ƙi haɗuwa.

Layi biyu ne ban sa ba da gangan, kuma in kin gan su a na ƙanenki ki ce ya cire. Ɗaya shi ne wanda ke kashe tambayoyin Excel, DisplayAlerts = False, domin da shi za ta hau kan tsohon fayil ba tare da ta tambaya ba. Ɗayan shi ne On Error Resume Next, mai cewa in an sami kuskure a yi shiru a wuce. Wannan na biyun ya taɓa jawo mini abin da har yau ina jin nauyinsa. Na rubuta wa wani ofis makro irin wannan da layin a ciki. Aka canza wa sabarsu suna ba a gaya mini ba, makro ya ci gaba da cewa an adana kowace yamma, kwana goma sha ɗaya ba abin da ke shiga foldar. Yarinyar da ke riƙe da lissafin ta yarda da saƙon saboda ni na rubuta shi, kuma ita aka fara tuhuma kafin a gano. Tun daga ranar, makro ɗin da zai tsaya ya yi ihu ya fi mini wanda zai yi shiru.

Yanzu ga tambayarki ta biyu, ko wannan zai hana a taɓa miki lissafi. Shi kaɗai ba zai hana ba. Makro ba shi da wani iko na kansa, da izinin wanda ya danna shi yake aiki. Abin da za ki iya yi da hannu shi zai yi miki da sauri, abin da aka hana ki shi ma an hana shi. Kwaɗon gaske a kan sabar yake, a izinin folda, kuma wanda ke kula muku da kwamfutoci ne zai sa shi. Ki ce masa kina son folda ta musamman ta rufaffun lissafi, wadda ke kaɗai ke da izinin rubutu a ciki, sauran ma'aikata duka, har da manaja, izinin karatu kawai. Ya tuna cewa a Windows izini hawa biyu ne, akwai na rabon foldar a netwok, akwai na NTFS, wato na faifan sabar kansa, da ke ƙarƙashin Security a Properties, kuma mai shigowa ta netwok wanda ya fi tsanani a cikinsu ne ke hawa kansa. Da an yi haka, ko mutum ya so cire alamar karatu kawai, sabar ba za ta bar shi ba.

Amma fa duk wannan ba zai yi aiki ba in dukkanku da suna ɗaya da kalmar sirri ɗaya kuke shiga, kamar yadda na sha gani a ƙananan kamfanoni, har a rubuta ta a takarda a manna jikin allon kwamfuta. In haka ne, a wurin sabar ku shidan nan mutum ɗaya ne, ba ta da yadda za ta bambanta akawu da ɗan aike. Kowa ya sami sunansa da kalmarsa tukuna. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Foldar kuɗi da aka bari a buɗe ga kowa ba adalci aka yi wa kowa ba, har da mutanen kirkin da za a riƙa kallo da ido ɗaya.

Wataƙila mai kula da kwamfutocin ya ce zai hana ke ma goge fayil a foldar, don ta ƙara tsaro. Tunani ne mai kyau, kuma ke zai fi karewa, domin ba wanda zai ce ke kika koma kika gyara. Sai dai ya sani Excel ba ta rubutu kai tsaye a kan sunan da aka ba ta. Fayil na wucin gadi take fara yi a cikin foldar, in ta gama ta canza masa suna. Inda aka hana gogewa, canza sunan yakan gagara, sai a tarar da tarkacen fayiloli masu baƙin suna. Mafita ita ce makro ya adana a kwamfutarki tukuna, ya liƙa alamar a can in ana so, sannan a kwafa shi zuwa sabar. Ku gwada da fayil na gwaji kafin ku saki jiki.

Abu na ƙarshe, Malama, wanda ba na kwamfuta ba ne. Na ji zafin kallon da kika ce maigida yana yi miki. Gobe da safe, kafin a gama duk waɗannan gyare-gyaren, ki fara buga lissafin kowace rana a takarda, ke ki sa hannu, mai sito ya sa, a ajiye a fayil na kwali. Kuma ke da kanki ki je ki gaya wa maigida cewa kina son a rufe foldar, har da ke. Wanda ya nemi a ɗaure hannunsa ya riga ya amsa tambayar da ba a yi masa ba. Kada ki ambaci sunan kowa a gabansa, ba ki da shaida, kuma zato zunubi ne.

TAMBAYA: Malam, ni ma'aji ne a wata makaranta mai zaman kanta. Fayil ɗin kuɗin makaranta a saba yake, mu uku muke shigar da bayani. Sau da yawa in na buɗe sai ya ce wani yana ciki, sai dai in karanta. Wani lokaci ma mutumin ya tashi tun azahar. Akwai makro da zai tilasta masa ya adana abin da na shigar? Daga wani ma'aji, Azare.

AMSA: Babu, ɗan'uwa, kuma ka gode Allah da babu. Wannan karatu kawai ɗin daban yake da na Malamar Funtuwa. Ba alama ce aka liƙa wa fayil ba, layi ne ake bi. Wanda ya fara buɗewa shi ke da alƙalami har ya rufe. Da za a ba ka hanyar tilastawa, kuɗin ɗalibai ashirin da abokin aikinka ya shigar da safe za su shafe a ƙarƙashin naka, ko naka su shafe a ƙarƙashin nasa, kuma iyaye na riƙe da rasit.

In ka buɗe fayil, Excel takan ajiye wani ɗan ƙaramin ɓoyayyen fayil kusa da shi, sunansa ya fara da ~$, a ciki take rubuta sunan mai riƙe da alƙalamin. In an rufe lafiya sai ya ɓace. In wuta ce ta ɗauke kwamfutar ta mutu, yakan zauna, sabar ma takan ɗauki lokaci tana zaton mutumin yana nan. To ka fara zuwa teburin abokin aikin naka ka gani da idonka, sau da yawa fayil ɗin a buɗe yake ya bari ya tafi salla bai dawo ba. In kwamfutarsa a kashe take, mai kula da sabar ya buɗe fsmgmt.msc a kanta, ya duba jerin fayilolin da ke buɗe, ya rufe wannan, sannan in ɗan ɓoyayyen fayil ɗin ya rage a goge shi. Kada a yi haka alhali mutum yana tsakiyar aiki, abin da bai adana ba yana iya salwanta.

Inda makro zai taimake ka shi ne gargaɗi. A sa shi ya duba ThisWorkbook.ReadOnly da zarar an buɗe fayil, in ya tarar haka ne ya fito da saƙo da Hausa ɓaro-ɓaro cewa kada a shigar da komai yanzu. Abin da ke ɓata lissafin makarantu shi ne mutum ya yi awa guda yana shigarwa, ya zo adanawa a hana shi, sai ya adana da wani suna. Kafin ƙarshen zango kuna da fayil bakwai, kowanne da gaskiyarsa. Mutum uku su yi rubutu a fayil ɗaya lokaci guda yana yiwuwa a sababbin Excel, amma sai fayil ɗin yana OneDrive ko SharePoint, ma'ajiyar fayiloli ta Microsoft a intanet, wato sai da intanet mai ƙarfi, ba a foldar saba ta ofis ba. In babu wannan, ku raba: kowa da fayil ɗinsa, na firamare, na ƙaramar sakandare, na babba, sannan fayil na huɗu ya tattara jimilla.

TAMBAYA: An turo mini fayil mai makro ta imel daga babban ofishinmu, na sa a saba, amma wani jan layi yana fitowa a sama yana cewa an toshe makro. Wani ya ce in shiga saiti in buɗe wa duk makro hanya. Daga wata ma'aikaciya, Gusau.

AMSA: Kada ki buɗe, 'yar'uwa. Tun 2022 Microsoft ta fara toshe makro a duk fayil ɗin da ya zo daga intanet, kuma tana da dalili. Makro zai iya gogewa da kwafa da aika duk abin da ke kike da izinin taɓawa. Cutar kwamfutar nan Melissa da ta rikita imel ɗin kamfanoni a watan Maris na 1999, makro ce a cikin fayil ɗin Word, kuma har yau masu kulle fayilolin mutane su nemi kuɗin fansa suna bin wannan ƙofar.

Ki ɗaga waya ki kira wanda aka ce ya turo, ki ji daga bakinsa cewa shi ne, kada ki tambaya ta amsa imel ɗin. In ya tabbatar, ki sauke fayil ɗin a kwamfutarki, ki shiga Properties, a ƙasa za ki ga Unblock, ki sa masa ƙyas, sannan ki kai shi saba. Wannan fayil ɗin kaɗai kika buɗe wa. In jan layin bai tafi ba, ki duba yadda kuke shiga sabar: in da lambobi ne irin 192.168 maimakon suna, Windows takan ɗauke ta tamkar baƙon wuri a intanet. Ki shiga da sunan sabar, ko mai kula da kwamfutocinku ya sa ta cikin jerin wuraren gida da aka amince da su, kuma foldar da zai amince wa ta zama wadda mutum ɗaya ko biyu ne kawai ke iya ajiye fayil a cikinta.